Kujerar da Fatsima Ta Ƙi Hawa

"To ni dai na gaya maka, ba ni hawa," in ji Fatsima, tana ɗaure bakin ƙunshin gabu da haƙorin da ya rage mata na gaba. "Ka tahi ka ce musu matarka ta ƙi."

"Wace matar tawa? Ai na sake ki tun ran kasuwa, takarda ce ban samu rubutawa ba."

"Da wane alƙalami? Mijin da ko goro bai taɓa sawo mini ba."

Nazifi ya yi dariya, ya gyara zama a kan turmin da ke kife. Hantsi ya dubi tsakar gidansu na Tamaske, kakar tasa ta baje tsaraba a tabarma kamar mai shirin buɗe shago: kilishin Madawa, cuku, busasshiyar kuɓewa, da gabu, wato ganyen albasar da ta dake ta dunƙule da hannunta. Gobe da safe zai raka ta Yamai a mota. Daga nan jirgi zai ɗauke ta ita kaɗai, ya sauka Lome, a sake wani zuwa Abijan, wurin ɗanta Umar, mahaifin Nazifi. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsu da shi. Tikiti ɗaya ya iya aikowa, kuma kowa a gidan ya san wanda ya fi cancanta.

Matsalar ita ce canjin jirgin nan na Lome. Fatsima ba ta jin Faransanci, ba ta karatun boko, ba ta taɓa wuce Tawa ba. Kwana uku Nazifi ya yi yana kiran kamfanin jirgi yana neman wanda zai riƙe mata hannu. A ƙarshe aka ce masa hanya ɗaya ce: a rubuta ta cikin masu bukatar kujera mai taya, sai ma'aikaci ya tura ta daga ƙofar jirgi zuwa ƙofar jirgi. Kuma yau kafin azahar ake son amsa.

"Ni da ke zuwa fadama da ƙafata in dawo da damin albasa a ka," ta ce, "ni za a tura awa buhun gero? Kai a tura ka, kai da ke haki in ka hau jaki."

"Jakin ne ke haki, amarya."

"Don ya ga abin da ya hau shi."

Daga nan ta koma kan tsarin da ta sani. A tasha, in ji ta, in za a aika tsohuwa, direba ake danƙa wa ita hannu da hannu, a tambayi sunan ubansa, a ce ga amana. Ta nemi Nazifi ya faɗa mata sunan uban mai tuƙa jirgin. Ya ce bai sani ba. Ta tambayi garinsu. Ya ce bai sani ba. Ta ce to ita ba ta ga amfanin karatun boko na lakkol ɗin da ya yi ba, da awaki aka ba shi kiwo da yanzu sun hayayyafa.

Ya ba ta labarin kiran farko, don ya san tana son labarin da za ta yi hukunci a kai. Wani namiji ne ya ɗauka, da murya kamar an tashe shi daga barci. Nazifi yana cikin harhaɗa Faransancinsa, mutumin ya ce ya duba a intanet, ya kashe. Na biyu ya bar shi da kiɗa a kunne har katinsa ya ƙare.

"Yunwa ce," Fatsima ta yanke hukunci. "Ba a biyan su da kyau. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kai ba ka ga masu dashen albasa ba? Ranar da furata ta yi kauri, layi miƙe awa an ja zare. Ranar da ta tsinke, rabin irin a kwance suke barinshi."

"To Maiguwa na tasha fa? Mi yake samu? Amma kullum shi ke ɗaukar miki kaya har cikin mota."

"Maiguwa tsoro yake ji. Ni na yanke mishi cibiya, in ya yi mini rashin kunya uwarshi za ta ji kafin la'asar. Can sama wa ya san uwar wani? Inda babu kunya, sai albashi. In albashin ma babu, to tsohuwa ta shiga uku. Su tura ni su kai bayan wata ƙofa su manta, sai ƙura ta rufe ni a ɗauka kayan kamfani ce."

"Wa zai manta da ke? Bakinki kaɗai ya isa su kai ki da gudu don su huta."

"Matuƙin jirgin zan aura in huta da kai. Shi aƙalla yana da hula."

"Allah shi ba shi haƙuri. In kai mishi goron ta'aziyya."

Ta jefe shi da dunƙulen gabu, ya cafe, ya mayar mata cikin ƙunshi. Bai yi gaggawa ba. Tun yana ƙarami ya san kakarsa sai ta gama zagaye gari kafin ta shiga ƙofar da take nufi.

Sai ya faɗa mata kira na uku. Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Mardiyya. Da ta ji yana tuntuɓe da Faransanci sai ta juye zuwa Hausa. Ta tambayi shekarun tsohuwar, ta tambaya ko tana shan wani magani, ta ce a rubuta lambar Umar a takarda a maƙala mata a mayafi. Yana jin wata a gefenta tana kiranta cin abinci, ta ce su fara, tana zuwa. Ofis ɗaya suke da mutumin farko, lamba ɗaya ya kira.

"Kin ga albashinsu ɗaya ke nan," ya ce.

"Wa ya gaya maka? Ka leƙa aljihunsu?"

"Ban leƙa ba."

"Ɗiyar wa ce?"

"Ban tambaya ba."

"Kai dai ba ka tambayar komai. Mace ta bar tuwonta saboda kai, ba ka tambayi gidansu ba. Haka za ka tsufa a hannuna, ba mai ɗaukar ka." Ta ci gaba da jera cuku. "Ko dai sun fi biyanta a ɓoye, ko kuwa kakarta ce ta rene ta. Shimfiɗar fuska ba a kasuwa ake sayenta ba."

"To kin yarda a rubuta ki?"

"Ban ce ba."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amarya."

Wannan karon sai ta ɗauki kilishin ta sake naɗe shi, ko da yake a naɗe yake. Da ta yi magana, muryar ta sauka, kuma tabarma take kallo.

"Ranar da ubanka ya tahi, ni na ɗauki jakarshi a ka har tasha. Ya ce Inna kawo, na ce in na gaji na faɗa maka. Haka ya bar ni, haka yake ganina a ranshi. Yanzu shekara goma sha ɗaya yana tsaye bakin ƙofa yana jira, sai a turo mishi ni a kujera? Na san ɗana. Gaban mutane zai yi kuka, shi ce ya daɗe har uwarshi ta mutu rabi."

Nazifi ya tuna ranar. Yana da shekara goma sha biyu, yana biye da su da buta a hannu, mahaifinsa ya dafa kansa ya ce damina biyu kawai. Tun daga nan sai murya a waya, da hoton da ke zuwa ran salla.

"Ta san da wannan," ya ce.

"Wa?"

"Mardiyya. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Ta ce tsofaffi da yawa ba su son 'ya'yansu su gan su a kujera. Ta ce za ta rubuta a takardarki, in an kai ƙofar ƙarshe a Abijan mai turawa shi tsaya, ki sauka, ki gyara mayafi, ki fita da ƙafarki."

Fatsima ta ɗago kai ta dube shi.

"Ita ta ce haka?"

"Ita ta ce."

"Wanga kam ba shi cikin albashi," ta ce a hankali. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin mai girgiza kafaɗa, har ta share ido da bakin zane. "Yarinyar nan ta kayar da ni, ba kai ba. Kak ka tahi gari kana cewa kai ne."

"Ai har mai shela na ɗauka."

Ta zare faifan kilishi ɗaya ta ware gefe, ta ce na Mardiyya ne, in sun isa Yamai sai sun neme ta ko da za su bi ofis ofis. Sannan ta yago wani guntu ta miƙa masa, ta ce ladan miji marar amfani. Yana kai hannu ta riƙe.

"Tashi tsaye tukuna."

Ya tashi. Ta jawo igiyar kaba daga cikin kayan ɗauri, ta sa ya taka bakinta da diddige, ta hau turmin da ya tashi a kai, ta miƙa igiyar har tsakiyar kansa ta ƙulla. Ta sauko ba ta nemi hannunsa ba, ta naɗe igiyar ta cusa cikin lalitarta.

"Hoto ƙarya yake yi," ta ce. "In na isa zan warware ta gabanshi, shi ga abin da ya bari da abin da ya zama. Akwai abin da zan faɗa mishi?"

Nazifi ya dubi guntun kilishin da ke hannunsa. Maganganun da ya tara shekara da shekaru suka taso gaba ɗaya, ya rasa wadda zai ɗauka.

"Ki ce mishi rijiyar garkar albasa ba ta ƙafe ba," ya ce. "Har yanzu da gugarshi nake ja."

"Zan faɗa. To tahi ka kira ta kafin ta tashi cin abinci, kak ka sake hana ta."

Ya sa kilishin a aljihu, ya ciro wayarsa, ya nufi shagon bakin hanya ya sayi kati.