Ranar da Na Gyara Keken Oga

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, ogan maigidana ya ajiye kekensa a gidanmu na Garki kafin a ba shi gida. Da na dubi keken sai tausayi ya kama ni. Taya kamar tsinken tsintsiya, sirdi kamar wuƙa, kan ya lanƙwashe ƙasa, ko kariyar ɗora kaya babu. Na ce, babban mutum da wannan abin kunya?

Ban shawarci kowa ba, ai na yi yaƙi da jahilci. Na tura shi wurin mai walda, aka miƙe kan, aka liƙa kariya, aka sa faffaɗan sirdi. Har ƙararrawa na ƙara masa.

Da oga ya zo, na fito da shi ina murmushi. Bawan Allah ya zauna daɓas a dakali.

"Hajiya, keken tsere ne daga Italiya. Ya fi motar mijinki tsada."

Maigidana ya shiga salati, yana ganin aikinsa ya tafi. Oga ya danna ƙararrawar, sai dariya ta ƙwace masa.

Aiki dai bai tafi ba. Amma har yau, ko fanka ce ta lalace, yarana cewa suke, "Ku ɓoye ta, ga Injiniya nan!"