Huhun Kawu

Kafin a sami mulkin kai, ina fawa a Mabai, tari ya matsa wa kawuna har aka ɗauki hoton ƙirjinsa a babban asibiti. Aka ce ya kai wa malamin asibitin Ƙanƙara ranar kasuwa. Ni kuwa ban ga dalilin jira ba. Wanda ya feɗe awaki ba adadi, ai huhu ba baƙonsa ba ne.

Na ɗaga hoton a rana. Haƙarƙari fari fat, amma huhun baƙi ƙirin.

"Me ka gani, ɗana?" in ji Kawu.

"Kawu, in na akuya ne, wannan ko kare ba ma jefa wa."

Kawu ya daina cin tuwo, ya bi maƙwabta yana neman gafara, ya ba ƙanensa jakinsa. Ni kuma na shiga cigiyar likkafani a ɓoye.

Ranar kasuwa na raka Kawu, malamin asibiti ya duba hoton, ya ce, "Baba, baƙin nan iska ce, haka lafiyayyen huhu yake fitowa. Wa ya tsorata ka?"

Kawu ya juyo ya dube ni kawai. Jakin kuwa ƙanen ya ƙi mayarwa.

Kawu ya daɗe a duniya, kuma duk sanda ya biyo ta rumfata sai ya leƙa naman da na rataye, ya ce, "Likita, wannan zai tashi kuwa?"