Man Gas a Tankin Ruwa

Lokacin gasar cin kofin duniya surukina ya zo Doha daga Zariya, da tikitin wasa ɗaya tak a aljihunsa. Ni kuwa na daɗe ina aikin tuƙi a ƙasar, sai na ga ya kamata Baba ya san wanda ya ba 'yarsa. Na yi hayar irin motar nan mai gado da kicin da famfo a ciki, don mu yini a bakin teku kudu da garin Wakra, da yamma mu wuce filin wasa.

A gidan mai ni da kaina na buɗe murfi, na ce wa mai zuba mai da ɗan Larabcina, "Yalla, a cika." Ko allurar mai ban kalla ba, ina ta ba Baba labarin yadda nake gane ciwon mota daga kukanta.

Mun yi nisa, babu kowa sai rairayi da teku, motar ta yi tari ta mutu. Na ƙwanƙwasa batir, na yanke hukuncin zafi ne. Baba ya shiga ciki ya tari ruwan alwala, ya fito yana shinshina butar.

"Malam, a nan ƙasar gas ake alwala da shi?"

Kafin janwe ta iso an tashi wasan. Bai yi mini faɗa ba, ya dai daɗe yana kallon tikitin, abin da har yau yake ci mini rai.

Yanzu ko shayi na miƙa a gidan Baba, sai ƙannen matata su ce kada kowa ya kunna ashana.