Hodar Ranar Hoto

Har yau ban yafe wa mai hoton nan na Gummi ba. Da idonsa ya gan mu, bai ce uffan ba, ya ɗauka.

Ranar da muka gama ajin yaƙi da jahilci a Bukkuyum aka kira shi. Na fi kowa baki a ajin, kuma na taɓa zuwa Gusau, don haka na tara matan na ba su shawara. Na ce hoto yana ƙara baƙi, mu baƙaƙe in ba mu tashi tsaye ba, haƙora da idanu kaɗai za su fito. Na buɗe gwangwanin farar hoda, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina laftawa. Ban taɓa wuyan kowa ba, don hodar ba za ta isa ba. Tawa fuskar kuwa ninki na yi mata.

Hajo mai nono ce kaɗai ta ƙi. Ta zizara kwalli, ta shafa man shanu, na ce mata baƙauya.

Da hoton ya iso, Inna ta daɗe tana duba shi, sannan ta ce, "Wanga injin niƙa na ina ne? Kuma mi Hajo ta je yi cikinku?"

Daga ranar sunana ya koma Mai Niƙa, har jikokina da shi suke kirana.

Washegari na tafi Gummi in saye sauran hotunan in ƙona. Na tarar ya wanke babba ya kafa a ƙofar shago.