Yadda Na Faɗa Dam A Taron Karrama Mata Sojojin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da muka yi taron karrama mata sojojin ruwa a bakin dam ɗin Bakolori. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, kuma ni ce kakakin ƙungiyarmu ta malamai mata (wato duk inda ake neman mai surutu, ni ake turawa). Abin da ya tada maganar taron shi ne dawowar Rabi, 'yar Birnin Tudu, tsohuwar ɗalibata. Ta shiga sojan ruwa a ɓangaren jinya, ta yi shekaru a Tafkin Chadi cikin jiragen da ke kwaso waɗanda aka raunata a fagen daga. Tare suka tafi da ƙawarta Asma'u, 'yar Dosara. Rabi ta dawo da kunne ɗaya da ba ya ji. Asma'u ba ta dawo ba. Ba wanda ya taɓa tara jama'a ya ambaci sunanta, sai muka ce mu za mu yi.

Mata sun amsa kira, duk da halin da hanya take ciki. Daga Bakura, daga Maradun, har daga Tsibiri. Inna Hajo, mahaifiyar Asma'u, a bayan a-kori-kura ta zo, da sabon mayafinta.

Kuskurenmu ɗaya: mun bar wani ɗan siyasa, Alhaji Garba, ya ɗauki nauyin rumfa da lasifika da ƙyallen sanarwa. Ina isa wurin na ɗaga kai na karanta: "Taron Karrama Matan Sojojin Ruwa." Matan sojoji! Mu mun ce mata sojoji, su sun mayar da su matan aure masu jiran maigida.

Alhaji bai iso ba sai da rana ta take. Ya zo da tawaga, aka tashi tsofaffi daga kujerun cikin rumfa don mutanensa su zauna. Da idona na ga Inna Hajo ta koma kan tabarma cikin rana. Alhaji ya karɓi makirfo ya yi ta zuba, daga takin zamani zuwa rijiyoyin da ya ce ya gina. Can da ya tuna abin da ya kawo shi sai ya ce:

"Muna jinjina ma waɗanga bayin Allah da sunka yi haƙurin zaman gida, mazansu na can cikin ruwa suna yaƙi."

Wani ya raɗa masa magana a kunne. Ya dubi Rabi cikin fararen kayanta na soja, ya fashe da dariya.

"A'a! Wai su ne sojan? To madalla. Amma dai dahuwa suka yi ma maza cikin jirgin, ko? Mace da ruwa ai sai na randa!"

Mutanensa suka kwashe da dariya. Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuwa ban san lokacin da na tashi ba, sai ganin makirfo na yi a hannuna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da girmanka da komi, wagga magana ba ta dace ba. Ga uwa can cikin rana, ɗiyarta ta mutu da kakin soja a jikinta, kai kana zancen randa? Ina kake sadda anka yi ta harbinsu cikin ruwa?"

Mata suka ɗauki guɗa. Ɗalibaina suka hau tafi. Wallahi da a nan na tsaya, da yau labarin jarumta nake ba ku. Amma guɗa tana da daɗi, ta hau mini kai.

Akwai kwalekwalen wani masunci da muka ɗauko, don Rabi ta nuna wa yara yadda ake shiga jirgi da yadda ake ɗaura rigar hana nutsewa. Idona ya faɗa kansa. Na ce, "Kuma yanzu zan gwada maka, mu matan Mafara ba mu tsoron ruwa!"

(A nan ya kamata in gaya muku ban taɓa taka kwalekwale ba tun da aka haife ni. Ko kwalbati zan tsallaka da damina, sai na riƙe hannun wani.)

Na nufi bakin ruwa cikin sabon leshi da takalmi mai tsini, makirfo maras waya a hannuna. Rabi ta taso da sauri tana cewa, "Malama, dakata in riƙe maki shi." Na ɗaga mata hannu, irin na manya. Na sa ƙafar dama a ciki. Kwalekwale ya ce sai wata rana, ya kama hanya. Ƙafar hagu tana tudu, ta dama tana tafiya, ni ina tsakiya. Sai ji kake tinjim!

Abu ɗaya na yi daidai, kuma shi ya kashe ni: na ɗaga makirfo sama don kada ya jiƙe. Saboda haka duk abin da na faɗa, lasifika ya kai shi har gonakin shinkafa.

"Wayyo Inna! Na mutu! Jama'a ku cece ni, ina da ɗiya ƙanana!"

Na yi salati, na yi kalmar shahada, na yafe wa mijina. Ina cikin haka na ji hannu a kafaɗata, muryar Rabi ta fito tar a lasifika.

"Malama, miƙe tsaye."

"Ba ni iyawa, ruwa ya ci ni!"

"Malama, zaune kike."

Na buɗe ido. Zaune nake kuwa, daram cikin laka. Na miƙe, ruwan bai kai gwiwata ba. Ɗankwalina yana can yana bin kwalekwale, takalmi ɗaya ya zama rabon dam. Alhaji Garba dariya har da share hawaye da hannun riga. Abin da ya fi ƙona mini rai, da hannuna na ba shi hujja.

Rabi ta zare makirfo daga hannuna. Ba ta fito daga ruwan ba, a nan ta tsaya da fararen kayanta.

Ta ce, "Ku yi dariya, ba laifi. Ni ihuna ya fi na Malama ranar da anka fara jefa mu ruwa mai zurfi wurin horo, da takalmi da kaya. Asma'u ce ta kamo ni ta wuyan riga. Ita ta koya mani iyo, ina kuka tana zagina. Ranar da ta rasu, mun riga mun fita daga inda ake harbi. Ta ji wani soja na nishi cikin ciyawa, ta ce a juya jirgi. A nan harsashi ya same ta. Shi ya rayu, yana nan da iyalinshi." Ta juya wajen tabarma. "Inna, ɗiyarki soja ce. Ba dahuwa ta kai ta ba."

Rabi ta fito, ruwa na zuba daga wandonta, ta kama hannun Inna Hajo ta kai ta cikin rumfa, ta tsaya gaban ɗaya daga cikin mutanen Alhaji tana kallonsa har sai da ya tashi. Shi kuwa Alhaji ya duba agogo, ya ce yana da wani taro. Bai ba da haƙuri ba, har yau. In na ga hotonsa a bango, kau da kai nake yi.

Ni dai an naɗe ni da zanen aro, aka sa ni bayan mota kamar buhun shinkafa. Washegari ina shiga aji yara suka miƙe, suka sara mini gaba ɗaya: "Barka da kwana, Kwamanda!" Sunan ya bi ni har kasuwa.

Ban yi nadamar ko kalma ɗaya da na gaya wa Alhaji ba, in an sake ma zan ƙara. Amma yanzu in haushi ya kama ni, nakan faɗi abin da ke bakina, in nemi kujerata in zauna. Ba wanda ya ce in na yi magana sai na haɗa da gwaji.