Ranar da Na Manne Surukina a Falo

Mai shimfiɗa moket, wato kafet, da na kira daga unguwar Gounghin ya ce a shafa gam kaɗan, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora soso da kafet. Na yi masa kallon banza. Ni da nake kwance injin babbar mota, shafa kol, wato gam, ne zai gagare ni? Na sallame shi, na juye gwangwanin kaf, har gam ya ratsa soso ya jiƙa kafet.

Bayan azahar surukina, mai fataucin shadda daga Kano, ya iso gidanmu a unguwar Zango. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙi kujera, ya harɗe a tsakiyar falo.

Da aka kira la'asar ya yunƙura, falo ya ƙi sakinsa.

"Kai, me ka zuba a nan?"

"Baba, sabon aiki ne."

"Na ga alama."

Matata ta kawo esansi, wato fetur, muka yi ta gurza a banza. Almakashi ne ya raba shi da shaddarsa, ya tafi masallaci cikin tsohuwar jallabiyata.

Har yau in ya zo, sai ya dangwala ƙasa da yatsa, ya tambayi 'yarsa: "Injiniyan naki bai bi ta nan ba, ko?"