Dajin da Aka Haramta Sifiri

A wani daji da ake kira Dajin Yamma, tafki ɗaya ne tak ba ya ƙafewa da rani, shi ma yana kan iyakarsu da Dajin Gabas. Da kakanni suka gaji da zubar da jini a kansa, sai aka ƙulla yarjejeniya: duk ƙarshen kaka a yi tseren keke, kowane daji ya fito da gwani guda. Dajin da ya ci, tafki nasa ne har saukar damina. Wanda aka kayar kuwa sai ya kwashi iyalinsa ya nufi kogi, tafiyar kwana shida.

Tabawa bushiya ita ce mai gyaran keke a Dajin Yamma. 'Ya'yanta huɗu, ƙanana ƙwarai, kuma ta san ƙafar ɗan bushiya ba ta tafiyar kwana shida ba ce. Shi ya sa take lallaɓa keken Kyallu barewa, gwanar dajin, fiye da yadda take lallaɓa kanta.

A shekarar da nake ba ku labari, Majalisar Tsere ta sayo wata na'ura da ake ɗaurawa a feda. In mahayi ya taka, sai lamba ta fito a wani ɗan gilashi, ta nuna ƙarfin takunsa. Mai sayarwa ya bar sharaɗi ɗaya: kullum da safe, kafin kowa ya hau, a danna maɓalli lamba ta koma sifiri, don zafi da sanyi suna taɓa ƙarfen, sai ya riƙa ƙirga abin da ba wanda ya taka. Tabawa ba ta taɓa fashi ba. Kyallu ta yi wata biyu tana haƙilo, lambarta ta tashi daga ɗari uku zuwa ɗari uku da goma. Tabawa ta yi murna, don ta san goman nan da gumi aka saye ta.

Majalisa dai ba ta yi murna ba. Goma ba ta cika bakin mai jawabi.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Tabawa mako biyu, ba wanda ya danna maɓalli. Ran da ta miƙe, ta tarar da daji ya kaure da kiɗa, wai lambar Kyallu ta kai ɗari huɗu. Baiwar Allah ta je ta danna, lamba ta dawo inda take. Wayyo! Kafin azahar an gurfanar da ita gaban majalisa.

Shugaba Mantau, wani gadu da bai taɓa ɗora ƙafa a feda ba, ya gyara zama ya ce, "'Yan majalisa, mako biyu da matar nan ta kwanta, ƙarfinmu ya ƙaru da casa'in. Yau da ta tashi, da yatsa ɗaya ta zubar da shi. Ashe ɓarawon na cikin gida ne. Wane mai hankali ne zai tara hatsi ya wayi gari ya share rumbu? Daga yau an haramta sifiri a dajin nan. Wanda ya taɓa maɓallin, kora ce, shi da zuri'arsa."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lambar nan ba ta Kyallu ba ce, ta ƙarfe ce. A ba ni wata ɗaya in nuna muku."

Aka ba ta, don a yi dariya. Da wata ya cika, ta turo keken gaban majalisa, ta jingine shi da gindin tsamiya, ba kowa a kai. Gilashi ya nuna ɗari biyu.

Har Tabawa ta fara jin sanyi a ranta, sai Zulai hawainiya, mai fassara wa majalisa lambobi, ta juya ido ɗaya ga gilashi, ɗaya ga Shugaba, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai abin godiya ne. A ƙarƙashin jagorancinka horo ya ratsa mahayi har ya shiga keken. Keke da kansa yana ba da ɗari biyu, ina ga an hau shi?"

Aka tafa. Aka sa Kyallu ta hau ta taka iyakar abin da za ta iya riƙewa, gilashi ya nuna ɗari biyar da 'yan kai. Nan take Mantau ya yanke hukunci: ranar tsere Kyallu ta tsaya a ɗari biyar daidai, kada ta wuce ko da ɗaya, don kada ƙarfinta ya ƙare a hanya. Wucewa ma laifin kora ne.

Tabawa ta ja Kyallu gefe ta ce, "Ɗiyata, ki saurari cinyarki. Ita ba ta iya ƙarya ba."

"Inna, na ji," in ji Kyallu, idonta ya ciko, "amma tsohuwata makauniya ce. In aka kore mu, ina zan kai ta?"

Ranar tsere rana ta take tun da hantsi. Tabawa ta turo keken bakin layi, ta leƙa gilashi: ɗari uku da tamanin, ba kowa a kai. Yatsanta yana kan maɓalli, 'yan gadin majalisa biyu suna tsaye a kanta, 'ya'yanta suna bayanta suna kallo. Kora yau, ko ƙishi gobe? Ta janye hannu. Har ta mutu ba ta yafe wa kanta wannan janyewar ba.

Aka busa usur. Kyallu ta danna feda, lamba ta yi tsalle zuwa ɗari bakwai, ta razana ta sassauta. Ta yi ta sassautawa har gilashi ya zauna a ɗari biyar, ga ta nan tana tafiya kamar mai zuwa cin kasuwa. Wani zomo ne gwanin Dajin Gabas, kekensa ko birkin kirki babu. Ya waiga sau biyu, yana tsammanin tarko ne, sannan ya duƙa ya ɓace.

Tabawa ta bi gefen hanya da gajerun ƙafafunta tana ihu, "Taka, Kyallu! Don girman Allah taka!" Kyallu ba ta ɗaga ido daga gilashi ba. Ta iso ƙarshe zomo har ya sha ruwa ya yi barci, jikinta ko ɗigon gumi babu, hawaye kaɗai.

Washegari Dajin Yamma ya ɗau hanyar kogi. Mantau da 'yan majalisa suka tafi a kan kekuna. Tabawa ta goya biyu, ta kora biyu a gaba. A kwana na uku ta tona rami ɗaya a gindin ƙaya, a na biyar ta tona biyu. Ta iso bakin kogi da ɗa guda, ta tsoma masa baki a ruwa, ita kuwa ta kasa sha.

A nan ta tarar majalisa tana zama a inuwa. Zulai na karanta rahoto: "Ba a taɓa samun mahayin da ya riƙe ɗari biyar tun daga farko har ƙarshe bai ko yi haki ba. Wanda ya zo kafinmu ba shi da na'ura, saboda haka ba wanda zai iya tabbatar da cewa yana da ƙarfi. A takarda, mu muka ci."

Mantau ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Aka duba hagu, aka duba dama. Tabawa na can bakin ruwa da ɗanta, sauran masu ƙorafin duk ba su iso ba, sai aka rubuta cewa an amince baki ɗaya.